Ɗurin harsashi mai zafi a bindiga mai liba: ina ribar take, ina haɗarin yake?

Tun daga 2014 da jihohin Ohio da Michigan a Amurka suka sassauta dokar farautar barewa suka yarda mafarauci ya shiga daji da doguwar bindiga matuƙar harsashinta mai miƙaƙƙen kwanso ne, wato wanda bakinsa bai tsuke kamar wuyan kwalba ba, wata tsohuwar gardama ta sake tasowa tsakanin maharban can, kuma har yau bata kwanta ba. Gardamar ita ce, mutum yana da doguwar bindiga mai liba wadda take cin harsashin ƙaramar bindigar hannu, irin su .357 Magnum ko .44 Magnum ko .45 Colt, kuma da hannunsa yake ɗura harsashinsa a gida, toh tunda bindigar doguwa ce kuma ƙarfenta yafi na libarba, wato bindigar hannu mai ganga mai juyawa, kauri, zai iya ƙara albarushi ya wuce abinda kamfani ke sawa? Wasu sunce ai ƙarfin yana nan a kwance ana asararsa, wasu sunce wannan wasa da ido da yatsu ne. Wanda ya shigo maganar daga tsakiya sai kansa ya ɗaure, don kowane ɓangare akwai gaskiya a bakinsa.

Kafin a yi nisa, wannan harka ce ta Amurka inda doka ta yarda mutum ya ɗura harsashin da shi zaiyi amfani dashi. A Najeriya ba haka bane, dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera ko haɗa bindiga da harsashi sai a inda hukuma ta amince, don haka bayanin nan na fahimtar gardamar ne kawai, babu awon albarushi ko na wani abu a cikinsa.

Kalmomin da ake ta jifa dasu

Harsashi guda ɗaya abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso na tagulla, akwai ɗan ƙurji a gindinsa mai tada wuta idan allurar bindiga ta doke shi, ana ce masa firaima, sai albarushi a ciki, sai kan harsashin wanda shi ne ke fita, na darma zalla ko darma da aka yiwa riga da jan ƙarfe. Idan an harba, kwanson baya lalacewa, shi yasa mai ɗuri yake tsince shi ya wanke, ya maida shi daidai girmansa da wani ɗan injin matsi da ake ɗaurewa a jikin tebur, ya sa sabon firaima, ya auna albarushi da sikeli, ya dasa sabon kai. Awon da suke amfani dashi sunansa giren, kuma ƙarami ne sosai, giren 158 wanda shi ne nauyin kan .357 da aka fi sani bai wuce giram 10 da ɗan ɗoriya ba.

Bindiga mai liba kuwa ita ce wadda ake gani a hannun makiyayan shanun Amurka na da, akwai wani ƙarfe mai zobe a ƙarƙashin kunama, ka tura shi ƙasa ya fidda kwanson da aka harba, ka dawo dashi sama ya cusa sabo ya kulle sakata. Harsasan suna jere ne cikin wani siririn bututu a ƙarƙashin babban bututun, ɗaya a bayan ɗaya, sifirin na turo su. Ka riƙe wannan bututun a ranka, zamu dawo kansa.

Sai matsi, wanda shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. Albarushi idan ya kama wuta iska mai zafi yake zama, iskar ce ke tura kan harsashi gaba, kuma da irin ƙarfin da take tura shi da shi take tura bangon bututu da sakata ta baya, wato wajen fuskar mai harbi. Ƙungiyar masana'antun makamai ta Amurka mai suna SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ita ke yanka iyakar matsin kowane harsashi. Ta baiwa .357 Magnum 35,000 a awon psi, .44 Magnum 36,000, ita kuwa .45 Colt 14,000 kacal. In kana so ka gane girman lambobin, tayar mota da mai faci ke baiwa iska wajen 32 take sha, kaga kenan .357 ya ninka ta fiye da sau dubu, duk cikin ƙasa da ƙiftawar ido.

Asalin haɗa doguwa da gajeriya a harsashi ɗaya

A 1873 kamfanin Winchester ya fito da bindigarsa mai liba tare da harsashin .44-40, bayan 'yan shekaru kamfanin Colt ya fara yin libarba mai cin wannan harsashin, sai ya zama mutumin dake kan doki kwana da kwanaki a daji harsashi iri ɗaya zai ɗauka ya ciyar da bindigogi biyu. Wannan sauƙin shi yasa har gobe ake son irin bindigogin nan, kuma shi ne dai ya haifi matsalar da ake gardama a kai.

An ma taɓa gwada abin a kasuwa. A farkon shekarun 1900, bayan an samu albarushi mara hayaƙi kuma Winchester 1892 da John Browning ya zana ta fito da sakata mai ƙarfi, kamfanoni sun sayar da .44-40 da .38-40 da .32-20 masu ƙarin gudu, an rubuta a kwali cewa na sabbin dogayen bindigogi ne banda libarba banda tsohuwar 1873. To amma kwali yana yagewa, harsashi kuma ba'a rubuta gargaɗi mai tsawo a jikinsa, suka riƙa faɗawa cikin bindigogin da ba nasu ba, ƙarshe dai aka daina yinsu.

Su kansu harsasan Magnum ɗin daga hannun masu ɗurin gida suka fito. Elmer Keith, wani makiyayi kuma marubucin harkar bindiga na Idaho, ya fasa wata Colt ɗinsa mai cin .45 a shekarun 1920 wajen neman ƙarin ƙarfi, daga nan ya koma .44 Special saboda bangon ɗakin harsashinta yafi kauri, ya shekara da shekaru yana matsa wa kamfanoni lamba har Smith & Wesson da Remington suka fito da .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950. Shi ma .357 Magnum na 1935 daga irin gwaje-gwajen nan ya samo asali. Abin lura a nan, da kamfanonin suka karɓi shawarar basu tsaya a ƙara albarushi kawai ba, sun ƙara wa kwanson tsawo kaɗan da gangan don kada ya shiga tsofaffin bindigogin .38 da .44 Special. Mai ɗurin gida bashi da wannan kariyar, harsashinsa mai zafi da mai sanyi duk kamarsu ɗaya.

Ƙarfin da bututu ke bayarwa kyauta

Nan ne mutane da yawa suke rikicewa. Ka ɗauki .357 na kanti mai kan giren 158, a libarba mai bututun inci 4 zai fita da gudun ƙafa 1,200 zuwa 1,250 a sakan ɗaya, wannan harsashin dai, ba'a ƙara masa komai ba, ka sa shi a mai liba da bututun inci 18 ko 20 sai ya kai wajen 1,700 zuwa 1,800. Dalili biyu ne, iskar ta samu hanya mai tsawo tana ta turi, sannan babu 'yar ƙofar nan dake tsakanin gangar libarba da bututunta wadda wuta ke tsiyaya ta nan. Kuma da yake ƙarfin duka yana tafiya ne da gudu sau gudu, ƙarin nan ya kusa ninka ƙarfin biyu, daga wajen 550 zuwa sama da 1,000 a awon da suke kira fut-fam.

Yanzu a ce mai ɗuri ya matsa ya samu ƙarin ƙafa 100, daga 1,750 zuwa 1,850. A lissafi ƙarfin duka ya ƙaru da kashi 12 cikin ɗari, kuma a nisan yadi 100 bambancin faɗuwar harsashin bai wuce inci ɗaya ba, abinda ko rawar hannu ta fi shi. Shi kuwa matsi baya hawa a hankali irin na gudu, idan an zo kusa da iyaka ɗan ƙari kaɗan sai ya yi tsalle. Tsohon harsashin farauta na .30-30, wanda shima a bindiga mai liba ake harba shi tun 1895, yana fitar da kan giren 150 a wajen ƙafa 2,390, ƙarfinsa wajen 1,900. Don haka masu cewa wai za'a maida .357 ya zama .30-30 da ɗuri, ko sun matsa iya matsawa akwai tazara mai yawa a gabansu.

Akwai kuma wani ruɗani da littafan awon ɗuri suke jawowa ba da niyya ba. Kamfanoni irin su Lyman da Hornady da Speer suna ware shafi na doguwar bindiga ga waɗannan harsasan, sabon shiga sai ya ga gudun ya fi na shafin bindigar hannu yace ashe an yarda a ƙara. Alhali yawanci iyakar matsin ɗaya ce, bututun gwajin ne kawai ya fi tsawo.

Ba duk mai liba bace ɗaya

Daga waje duk kama suke, katako da ƙarfe da zobe, amma yadda suke kulle sakata ya bambanta ƙwarai. Winchester 1873 da kwafinta da kamfanin Uberti na Italiya ke yi suna kullewa ne da wasu ƙarafa biyu masu gaɓa kamar gwiwar mutum, idan ta miƙe ta tokare, duk nauyin yana kan 'yan ƙananan fil. Santsinta da saurinta yasa masu gasar harbin kaboyi suke sonta, su da dokar gasar tasu ma ta hana harsashin doguwar bindiga ya wuce ƙafa 1,400. Kwafin zamani da aka yi da sabon ƙarfe suna ɗaukar .357 na kanti lafiya lau, amma babu wani mai hankali a ɓangarorin biyu dake cewa a wuce haka da ita.

Ita kuwa 1892 wasu ƙarafa biyu ne ke tasowa tsaye su shiga ramuka a jikin sakata da jikin gidan bindigar, ita ake ɗauka mafi ƙarfi a cikinsu, har kamfanin Rossi na Barazil ya taɓa yin irinta mai cin .454 Casull wanda iyakarsa 65,000. Marlin 1894, da kamfanin Ruger ya dawo da ita kasuwa bayan ya sayi Marlin a 2020, da kuma Henry Big Boy, suna kullewa da ƙarfe ɗaya daga ƙasa ta baya, suna da ƙarfi daidai gwargwado. Kuma duk cikinsu ta baya suke kullewa, saɓanin bindigar farauta mai sakatar juyawa da take kullewa daf da gindin harsashi, don haka idan matsi yayi yawa sakatar na ɗan lanƙwasa, kwanso ya miƙe, a hankali wurin kullewar ya saki. Ba lallai ta fashe rana ɗaya ba, sau da yawa lalacewar a ɓoye take tafiya, sai bayan harbi ɗari-ɗari mutum ya ga firaima na fitowa waje ko kwanso ya tsinke gida biyu.

Inda .45 Colt ta raba gari

A gaskiya in ka saurari masu goyon bayan ƙari da kyau, akan .357 da .44 Magnum basu da abin faɗa da yawa, don waɗannan dama an riga an cika su. Ƙarfin hujjarsu yana kan .45 Colt. Harsashi ne na 1873, na zamanin baƙin albarushi, kwansonsa babba, an bar iyakarsa a 14,000 ne saboda har yanzu akwai tsofaffin Colt da kwafinsu a hannun jama'a. Tunda Ruger ya fito da libarba Blackhawk mai kauri a wannan awon a farkon shekarun 1970, littafan ɗuri suka buɗe sashe na musamman da suka rubuta na Ruger da makamantansa kaɗai, inda matsin ya kai kusan ninki biyu. Wannan ba shaci-faɗi bane, an gwada a ɗakin gwaji, kuma ƙananan kamfanoni irin Buffalo Bore suna sayar da irinsa a kwali da jerin bindigogin da aka yarda a sa shi. Masu goyon baya sai suce, bindigar da kamfani ke yinta a .44 Magnum da 36,000, in aka yi ta a .45 Colt don me zamu tsaya a 14,000? A irin wannan ɗurin .45 Colt yana kamo .44 Magnum, ya isa barewa da aladen daji har da baƙin beyar.

Masu adawa suna da amsa uku da ba'a iya turewa da sauƙi. Na farko .45 ya fi .44 faɗi, don haka an ƙara rarake bututu bangon ya ragu, kuma gindin kwanso mai faɗi ya fi tura sakata ko da matsin ɗaya ne. Na biyu SAAMI bata da wata iyaka a rubuce ga .45 Colt mai zafi, kowane littafi da inda ya tsaya, kuma kusan duk kamfanonin bindiga sun rubuta a takardarsu cewa harsashin ɗurin gida ya soke garanti. Na uku shi ne sunan Ruger ɗin ma ya daina wadatarwa, domin a 2005 kamfanin ya fito da New Vaquero mai ƙaramin jiki wadda ba'a yi ta don wancan ɗurin ba, mutum ya ga Ruger a jikin bindigarsa ya ga Ruger a littafi, shikenan.

Me yasa ido baya gano haɗarin

Masu ɗuri sun saba duba alamomi, firaima ya baje, kwanso ya liƙe baya son fita, liba tayi tauri. Matsalar ita ce waɗannan alamun an koye su ne daga manyan harsasan farauta masu aiki a 60,000, a harsashi mai iyakar 14,000 ko ma 35,000 za'a iya wuce iyaka nesa ba kusa ba kwanso yana nan sumul kamar ba abinda ya faru. Na'urar auna gudu da ake kafawa gaban bututu tana taimakawa, in gudunka ya wuce na littafi a bututu mai tsawo ɗaya toh matsinka ma ya wuce, amma ita ma gudu take aunawa. Ainihin awon matsi sai da bututun gwaji mai na'ura a jiki, irin wanda kamfanonin albarushi ke dashi.

Sai mu koma kan bututun nan na ƙasa. Ka hango harsasai tara ko goma a jere, hancin kowanne yana tokare da gindin na gabansa, daidai kan firaima. Duk harbi ɗaya bindiga ta yi baya da ƙarfi, jerin nan gaba ɗaya ya hankaɗa ya dawo. In kan harsashin mai tsini ne, zai iya zama allura ya tada na gabansa a cikin siririn bututun da ba'a yi shi don matsi ba, kuma hannun hagun mai harbi yana riƙe da wurin. Shi yasa ake amfani da kai mai faɗin hanci, ko irin mai tsinin roba mai laushi da Hornady ya kawo a tsakiyar shekarun 2000. Sannan in ba'a matse bakin kwanso ya kama kan da kyau ba, wannan hankaɗar tana tura kan ya nutse ciki, ɗakin albarushi ya ƙanƙance, matsi ya haura. Ɗuri mai zafi ya fi dukan kafaɗa, don haka ya fi hankaɗa jerin, kaga matsala ɗaya tana ciyar da ɗaya.

Mafarautanmu masu bindigar toka sun san wani yanki na wannan ba sai an karanta musu ba, duk garin da ake farauta akwai labarin wanda ya cika ɗuri don ya ji ƙara ko ya kada babban nama bututu ya tsage a hannunsa. Bambancin kawai albarushin zamani ya fi baƙin albarushi rashin yafiya nesa.

Abinda ya shafi mafarauci da na kusa dashi

Dokokin jihohin nan sun zo ne saboda yankunansu shimfiɗaɗɗun gonaki ne masu yawan gidaje, da can galibi bindigar tsuntsu mai dunƙulen darma ake amfani da ita, don harsashin da baya tafiya nesa ake so. Indiana ta riga su buɗe ƙofa tun 2007, Iowa ta biyo a 2017. A 2014 Michigan ta ce a kudancin jihar faɗin kai ya kai .35 na inci, tsawon kwanso tsakanin inci 1.16 da 1.80, kuma .357 da .44 Magnum duk suna ciki. Mutumin da ya riga yana da mai liba a gida sai ya ga gara ya ɗan ƙara mata ƙarfi da ya sayi sabuwa, balle da aka shiga ƙarancin harsashi na 2020 da 2021 lokacin da kantuna suka bushe, ko firaima ya zama sai an sha wuya.

Kasuwa dai ta amsa buƙatar ta wata hanyar. Winchester ya fito da .350 Legend a 2019, Remington da Henry suka kawo .360 Buckhammer a 2023 wanda don mai liba aka zana shi, duka biyun miƙaƙƙen kwanso ne da ya dace da yawancin dokokin, suna bada ƙarfin da ya kusanci .30-30 cikin iyakar da aka gwada. Wannan ya rage wa hujjar ƙari nauyi ga wanda zai iya sayen wata bindigar, wanda bashi da kuɗin kuma yana nan inda yake.

Wani abu da ake mantawa shi ne kan harsashin ma yana da iyakar gudunsa. Mara nauyi mai rami a hanci, wanda aka yi don ya buɗe a gudun libarba, in ya fita da gudun ƙafa 2,000 yakan tarwatse a kafaɗar barewa bai kai ga huhu ba, dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a inda ba'a gani. Don haka gogaggun mafarauta da yawa, har cikin masu ɗurin gida, sun fi maida hankali kan nauyin kai da taurinsa da daidaiton harbi a cikin yadi 100 fiye da ƙarin gudu.

Sai kuma mutanen da basu san ma ana gardamar ba. Harsashin ɗurin gida yana zama a kwali ko gwangwani shekara ashirin, takardar da aka liƙa ta goge, mai shi ya tsufa ko ya rasu, ɗansa ko maƙwabci ya gaji kayan, a cikin akwati ɗaya ga mai liba ga tsohuwar libarba ta kaka, dukansu an buga .45 Colt a jikin bututu. Masu yin ɗurin zafi da suka ɗauki abin da muhimmanci suna shafa wa gindin kwanso jan fenti, ko su ware kwanso mai ruwan azurfa don shi kaɗai, wasu ma sun ƙi ajiye raunanniyar bindiga mai wannan awon a gidansu kwata-kwata, kuma a wuraren koyon harbi da yawa ƙa'idar da ake fara gaya wa sabon shiga ita ce kada ya harba ɗurin da ba shi yayi ba.